Filin Tambaya da Amsa: Anti, ina da ciwon baifola kuma kuɗin ganin likita ya gagare ni

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari da mu. Dan Allah ki sakaya sunana. Ni mace ce shekarata 27, shekara uku kenan da likita yace ina da ciwon baifola, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa yanayin ran mutum ya hau sama sosai sannan ya faɗi ƙasa, bayan wani abu da ya same ni, nayi wajen kwana goma bana bacci sai awa biyu ko ƙasa da haka kuma ko gajiya bana ji, ina ta surutu ba birki, na kwashe ɗan abun da na tara na shekara biyu na siyo kayan wata sana'a da ban taɓa koya ba, ƙarfe ukun dare ina tura wa mutane saƙon murya ina gaya musu yadda zamu yi arziki. Da abun ya wuce sai na faɗa wani rami, wata huɗu ko wanka sai an yi da gaske nake yi. Aka ɗora ni a kan wani magani mai suna litiyam na samu sauƙi sosai har na koma aiki. Toh yanzu aikin ya tsaya, wanda yake taimaka min da kuɗin asibiti shima abun ya masa yawa, wata biyar rabona da ganin likita, maganin da ya rage min bai fi na sati biyu ba, har na fara raba ƙwayar biyu ina shan rabi dan ya ja min kwana. Ina ganin mutane a intanet suna cewa sun bar magani sun warke da motsa jiki da tunani mai kyau da karanta littattafai. Anti gaskiya ne? Mutum zai iya riƙe kansa da kansa? Wallahi tsoro nake ji kar in koma gidan jiya, kuma kunyar sake roƙo nake ji.

Ƙanwarki

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara miki lafiya. Sau uku na karanta wasiƙarki kuma duk karantawa wurin raba ƙwayar nan nake tsayawa, dan haka da shi zan fara kafin mu zo kan littattafai da motsa jiki, sati biyu kamar gobe ne.

Litiyam ba irin maganin ciwon kai bane da za'a sha yau a bari gobe. Aikinsa ya dogara ne da yawansa a cikin jini, likitoci suna so ya zauna wajen 0.6 zuwa 1.0 a gwajin jini, in yayi ƙasa sosai kina sha ne amma kariyar ta ragu, in kuma ya haura 1.5 ya fara zama guba, kinga tazarar bata da yawa. Sannan an daɗe da sanin cewa wanda ya yanke litiyam lokaci ɗaya ciwon ya fi saurin dawo masa, musamman irin tashin nan da ya hana ki bacci kwana goma, wanda likitoci ke kira maniya, kuma haɗarin mutum ya cutar da kansa yana ƙaruwa a watannin farko bayan yankewar. Shi yasa ko likita ne zai cire mutum daga kai a hankali yake ragewa, aƙalla sati huɗu, an fi so ma ya kai wata uku. In kika bari ya ƙare a hannunki kika wayi gari kwali babu komai, kin yi irin yankewar da ake gudu kenan ba da niyya ba.

Dan haka a cikin satin nan, ba wani satin ba, ki ɗauki kwalin maganin da duk wata takarda da aka taɓa rubuta miki ki je wurin ma'aikacin lafiya mafi kusa da zaki iya kaiwa gare shi. Ba dole sai babban likitan ƙwaƙwalwa ba. Mutane da yawa suna zaton in ba ƙwararren ba toh babu, shikenan sai su zauna a gida. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri mai suna mhGAP saboda ƙwararru sun yi kaɗan a yawancin ƙasashe, ana koya wa likitoci na gama-gari da nas-nas yadda zasu kula da irin waɗannan cututtuka, harda baifola. Ki faɗa masa gaskiya ba rufa-rufa, ga abun da aka rubuta min, ga ranar da na fara shan rabi, ga abun da ya rage, kuma bani da halin zuwa duk wata. Kar ki ƙara wani canji da kanki, ko sama ko ƙasa, sai kun yi magana. Ki roƙe shi ya rubuta miki asalin sunan maganin ba sunan kamfani ba dan ki samu damar neman mai sauƙi, litiyam tsohon magani ne, tun 1949 wani likita ɗan Ostareliya mai suna John Cade ya nuna yana kwantar da maniya, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba mallakar kamfani ɗaya bane. Ki tambaya ko za'a iya rubuta miki na wata biyu ko uku a zuwa ɗaya, kuma wane gwaji ne ya zama dole. Wanda jikinsa ya daidaita a kan litiyam yawanci bayan wata uku zuwa shida ake duba yawansa a jini, ƙoda da tayirod (wata halitta da ke gaban wuya) kuma bayan wata shida. In asibitin na da ofishin jin daɗin marasa lafiya ki leƙa, tambaya bata cin kuɗi.

In aka ce za'a canza miki magani saboda wani ya fi samuwa, ki buɗe kunne da kyau tunda ke mace ce mai shekarun haihuwa. Balfurowet yana aiki a kan baifola amma illarsa ga ɗan da ke ciki babba ce, kusan jariri 1 cikin 10 ana haifarsa da nakasa in uwar tana sha, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 suna samun matsalar girma da koyo. Kabamazefin kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Shi kansa litiyam in kina shirin ɗaukar ciki sai an zauna da likita tun kafin, dan kwanakin bayan haihuwa na daga cikin lokutan da ciwon ya fi tashi wa mata. Kuma muddin kina kan litiyam kar ki sha ibufurofen ko diklofenak, suna tara shi a jini, farasitamol ya fi miki. Gudawa, amai, zazzaɓi ko zufa mai yawa duk suna ƙarar da ruwan jiki su sa shi ya hau. Ranar da kika ga hannunki na rawa sosai, kina tangaɗi, harshenki na harɗewa ko kanki ya rikice, kar ki sha na ranar, asibiti kai tsaye.

Maganar kunyar roƙo kuma, ƙanwata ke da bakinki kika faɗa min tashi ɗaya ya cinye tarin shekara biyu, ramin da ya biyo baya ya ci wata huɗu. Ki ɗora wannan a gefe ɗaya ki ɗora kuɗin maganin wata uku a ɗaya gefen. Masu son ki in tashin ya dawo su ne zasu biya da kuɗinsu da baccinsu, kuma ninkin ba ninkin. Kar ki je kice "ku taimaka min" a dunƙule, nauyi ne da mutum bai san iyakarsa ba sai ya tsorata. Kice maganin wata kaza nake nema, gwaji ɗaya nake nema, ki raba wa mutum biyu ko uku kar ya taru a kan mutum ɗaya. Kuma ba wani abun kunya kika yi ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ke da wannan ciwo a 2019.

Toh masu cewa sun bar magani sun warke fa? Bana ce duk ƙarya suke ba, da yawansu abun da suke ji a lokacin suke faɗa. Amma shi baifola ciwo ne mai zuwa ya tafi, mutum zai iya barin magani yayi wata shida ko shekara lafiya lau, a wannan tsakanin yake ɗaukar bidiyon, ranar da ya dawo masa kuma ba zaki gani ba dan baya cikin halin ɗaukar komai. Wani ma farkon tashin ne yake sa shi jin bai taɓa samun lafiya irin ta yau ba. Ina jin tausayinsu ƙwarai, amma bana so ki ɗora rayuwarki a kan maganarsu.

Amma kuma kar ki ɗauka cewa nake kula da kai aikin banza ne, wallahi ba haka bane, yana da ƙarfi sosai kuma an gwada shi. A Basalona ta ƙasar Sifaniya wasu masu bincike biyu, Francesc Colom da Eduard Vieta, sun fitar da sakamako a 2003 na mutum 120 masu baifola, rabinsu aka yi musu zama 21 ana koya musu ciwon nasu kawai, menene shi, me ke tada shi, ya ake gane shi da wuri, me yasa ake shan magani. Waɗanda aka koya wa ciwon ya fi jinkirin dawo musu kuma sun fi ƙarancin kwanciya asibiti, da aka sake dubawa bayan shekara biyar amfanin yana nan. Sai dai ki lura, duk suna kan maganinsu aka yi wannan. Ilimin da maganin tare suka yi aikin. Abun daɗin shine mafi yawan abun da aka koya musu zaki iya koya wa kanki da littafi da biro.

Na farko kuma wanda ya fi komai, bacci. In da za'a ce in zaɓa miki abu ɗaya tak da baya cin ko sisi, bacci zan zaɓa. A baifola rashin bacci alama ce kuma sanadi ne a lokaci guda, dare biyu uku na rashin bacci zai iya kunna tashin, tashin kuma ya ƙara hana baccin, haka suke ta tura juna. Wata malama a jami'ar Pittsburgh ta Amurka, Ellen Frank, ta gina tsarin jinya sukutum a kan wannan, cewa agogon jikin mai baifola yana da saurin rikicewa dan haka sai a riƙe shi da abubuwan yau da kullum. Lokuta biyar ake rubutawa kullum, lokacin da kika tashi daga gado, lokacin da kika fara magana da wani, lokacin fara aiki ko hidima, lokacin cin abincin dare, da lokacin kwanciya, a yi ta ƙoƙari su riƙa faɗowa kusan lokaci ɗaya ko ranar hutu ce. Kuma yanzu da aikinki ya tsaya nan ne nake ji miki, dan aikin nan shi yake tashinki da safe ya gajiyar da ke da dare ba tare da kin sani ba, da ya tafi sai kwanakin su zama ba kai ba gindi, a kwana ana danna waya a tashi da azahar. Ki ƙirƙira wa kanki dalilin tashi. Ki sa lokaci ɗaya na tashi ki riƙe shi ko daren bai yi daɗi ba, ki fita hasken safe ya taɓa ki, awa ɗaya kafin kwanciya waya ta bar hannunki, in da hali ma ta kwana a wani ɗakin. Abubuwan sha masu kafeyin ki yanke su daga tsakar rana. Wiwi da giya da ƙwayoyin sa maye kam babu ma magana, suna tada ciwon kuma suna hana magani aiki.

Na biyu, littafi. Akwai wata baiwar Allah da na sani, ta girme ki, ta daɗe tana fama da wannan ciwo, littafin makaranta ne mai layi-layi a gefen katifarta da biro ɗaure da zare dan kar ya ɓata. Kowace rana layi ɗaya kawai, awa nawa tayi bacci, lambar yanayin ranta daga 0 zuwa 10, ta sha magani ko bata sha ba, sai kalma uku huɗu. Wata rana ta buɗe min wani shafi, layin bacci na gani 7, 8, 7, 7, sai 5, sai 4, sai 4, a gefen huɗun ta biyu ta rubuta da ƙananan baƙi "na goge duk kayan gidan, daɗi nake ji". Tace min da can in ta ji wannan daɗin murna take yi tace lafiya ta samu, yanzu kuwa da ta ga huɗu sau biyu a jere ta san baƙon nata na bakin ƙofa, ranar ta kira yayarta ta miƙa mata katin banki, ta soke fitar da zata yi da dare, ta kashe fitila tun takwas, washegari ta je asibiti da ƙafarta. Wancan karon ba'a kwantar da ita ba.

Ma'aunin 0 zuwa 10 ɗin nan ƙungiyar Bipolar UK ta Ingila ma shi take amfani da shi, 4 zuwa 6 daidai, 7 da 8 an fara hawa, 9 da 10 maniya, daga 3 zuwa ƙasa ana gangarawa rami. Kuma tun 1999 wani bincike a Ingila ya nuna koya wa mutum gane alamominsa na farko da neman taimako nan take yana jinkirta dawowar maniya sosai. Alamominsa nace, dan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki zauna da wanda ya ga tashinki na farko ku tuna sati biyun da suka gabace shi, me ya fara canzawa? Wata surutu ne, wata saurin fushi, wata kwalliya ce ta ƙaru, ke inaga harda saƙon murya da dare da sabon tunanin sana'a. Ki rubuta guda huɗu ko biyar naki na kanki.

Daga nan sai takardar alkawari, ita ce ta fi wuya dan sai kin sauke girman kai. Yanzu da kike cikin hayyacinki ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu da kika yarda da su, ki rubuta da hannunki, in kuka ga kaza da kaza na baku izini ku karɓi katin bankina, ku riƙe wayata da dare, ku kai ni wurin wane, ko da ina cewa lafiyata ƙalau. Ki sa hannu, su riƙe kwafi. Wata Ba'amurkiya mai suna Mary Ellen Copeland wadda ita ma ta yi fama da irin wannan ciwo ta fito da tsari makamancin haka a 1997, ana kiransa WRAP, ana amfani da shi a ƙasashe da yawa. Ki ƙara wa kanki doka, duk wata babbar shawara, kashe kuɗi mai yawa, barin aiki, aure ko rabuwa, tafiya mai nisa, sai ta kwana biyu kuma sai mutum biyu sun ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in maniya ta nuna sosai babu littafin da zai sauke ta, sai magani.

Ɓangaren rami kuma akasin haka ne, jiki zai ce ki kwanta ki rufe ƙofa, ke kuma ki yi kaɗan daga abun da baya so. Ki tashi a lokacin nan dai, wanka, tafiyar minti goma, aiki ɗaya ƙarami, magana da mutum ɗaya. Kar ki jira sai kin ji sha'awar yi, sha'awar daga baya take biyowa. In tunanin mutuwa ya fara zuwa miki, ko kina jin gara ace babu ke, ki faɗa wa mutum a ranar da baki buɗe, kar ki kwana ke kaɗai, ki miƙa wa wani ajiyar maganin yana baki na kwana kaɗan kaɗan dan litiyam da yawa kisa yake, kuma ku tafi sashen gaggawa. A wannan halin ba'a lissafin kuɗi, a fara zuwa tukuna.

Abubuwan karatu na kyauta akwai su. Cibiyar Centre for Clinical Interventions da ke Perth a Ostareliya tana da darussa a kan baifola da takardun cikewa da ake saukewa kyauta a shafinta, ƙungiyar DBSA ta Amurka tana da zaman tattaunawa na masu ciwon ta intanet ba tare da biya ba, akwai kuma manhajar eMoods ta waya mai yin aikin littafin can. Yawancinsu da Turanci suke, in zai miki nauyi ki samu wanda zaku karanta tare, wannan ma riba biyu ce dan shima zai fahimce ki. Amma duk zauren WhatsApp ko Facebook da kika ji ana cewa a zubar da magani, ko ana tallar wani haɗi da zai warkar da baifola gaba ɗaya, ki fita kar ki tsaya gardama. Ki rubuto min in kin je asibitin, ina jiran jin yadda kuka yi.

*

Salam Anti. Ƙanena ne yake da wannan ciwo, shekararsa 23, in abun ya tashi masa baya yarda yana da komai, mu yake gani a matsayin maƙiya masu baƙin ciki da ci gabansa, har ya taɓa ɗaga min hannu abun da bai taɓa yi ba. In ya sauka kuma sai yayi ta kuka yana bada haƙuri. Bamu da halin kai shi asibiti kullum. Ya zamu yi da shi a gida? Sannan ni ina da yara, zasu iya gadon ciwon?

Yayan mara lafiya

Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri, ba kowane yaya ne zai tsaya ya rubuto ba. Rashin yardar nan da yake yi ba taurin kai bane, cikin ciwon yake, maniya tana ɗauke wa mutum ikon ganin cewa bashi da lafiya, dan haka gardama da shi a lokacin kamar zuba ruwa a kwando ne kuma tana ƙara hura wutar. In ya hau, mutum ɗaya ya riƙa masa magana ba taron dangi ba, murya ƙasa, magana gajera, kar a ƙaryata shi kuma kar a biye masa, kana iya cewa na ji ka, mu bari sai da safe. A rage hayaniya da haske da baƙi, a kawar da makullin mota da katin banki da duk abun da zai iya cutarwa ba tare da an yi shela ba. Dan girman Allah kar a doke shi, kar a ɗaure shi, baya sauke ciwon kuma yana barin tabo a zuciya da zai hana shi faɗa muku gaskiya nan gaba. In ya kwana biyu uku ba bacci yana ƙara hawa, ko yana jin muryoyi, ko yana barazana ga kansa ko wani, wannan ya wuce jinyar gida, a kai shi.

Ainihin aikin a lokacin da ya sauka ake yinsa. Ranar da yake kukan nan ba ranar lissafa masa abun da yayi bace, ya sani, kunyar na cinsa, kuma a irin wannan lokacin ne haɗarin ya cutar da kansa yake da yawa, ku sa ido ku kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa, tambayar bata sa wa mutum tunanin. Bayan ya ɗan murmure sai ku zauna ku biyu ku rubuta irin takardar da na faɗa wa ƙanwarmu a sama, da bakinsa da hannunsa. Bincike ya daɗe da nuna cewa gidan da ake yawan suka da gori da sa ido fiye da kima ciwon ya fi saurin dawowa, shi yasa wani masani ɗan Amurka David Miklowitz ya tsara jinya da ake yi da iyali gaba ɗaya, ana koyon yadda ake magana da warware matsala ba tare da faɗa ba. Kar kuma duk dariyar da yayi ku ce ciwo ne ya tashi, mutum ne, yana da ranar farin ciki kamar kowa. Ɗan abun da kuke da shi ku fifita maganinsa na kullum kar ya yanke. Kai ma ka samu mai karɓarka ka huta, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka.

Maganar yara, eh ciwon yana bin jini, amma ko iyaye ne ke da shi mafi yawan 'ya'yansu basa samu, balle 'ya'yan ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka.

*

Anti ni namiji ne ɗan shekara 20, nayi wani gwaji a intanet ya nuna min ina da baifola dan da safe sai in ji daɗi da yamma kuma raina ya ɓaci. Bani da kuɗin likita sai na siyo amitiriftilin a kemis wani abokina yace yana sa bacci da rage damuwa, sati uku kenan ina sha. Na yi daidai?

Ƙaninki

Ƙanena ban ji daɗin wannan siyayyar ba gaskiya, amma na ji daɗi da ka tambaya. Gwajin intanet baya tabbatar da ciwo, tambayoyi ne kawai da zasu iya cewa je a duba ka. Kuma canjin rai tsakanin safe da yamma ba shine baifola ba, ita kwanaki take ɗauka a jere, maniya aƙalla sati ɗaya, ƙaramarta da ake kira haifomaniya aƙalla kwana huɗu, ciwon damuwar kuma aƙalla sati biyu, sannan babbar alamar hawan ita ce mutum ya rage bacci sosai amma baya jin gajiya, har na kusa da shi su ga ya canza. Abun da kake ji zai iya zama damuwa, ko rashin isasshen bacci, ko wani abu da kake sha, ko ma tayirod, dan in tana aiki fiye da kima tana kawo rashin natsuwa da rashin bacci. Magunguna irin su firednisolon da deksametason suma suna iya birkita yanayin mutum.

Ga inda matsalar take, in baka da baifola kana shan magani mai ƙarfi ba tare da an duba ka ba, in kuma kana da ita toh amitiriftilin shi kaɗai ba tare da maganin da ke daidaita yanayi ba yana daga cikin masu iya jefa mutum cikin maniya, kuma shansa da yawa yana taɓa zuciya har ya kashe. Kar ka ƙara yawansa, kar ka haɗa shi da wani abu, ka ɗauki kwalin ka kai wa ma'aikacin lafiya a cikin kwanakin nan ya nuna maka yadda zaka sauka daga kai tunda ka yi sati uku. In kafin nan ka ga baccinka ya ragu ƙarfi kuma ya ƙaru, tunani na gudu, kar ka jira, ka je a ranar.

Tunda kuɗin kaɗan ne ka sa zuwa ɗayan nan ya biya. Ka fara littafin bacci da yanayi daga daren yau, ka rubuta duk abun da kake sha har na kemis, ka tambaya a gida ko akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi, kuma ka tafi da wanda kuke kwana gida ɗaya dan zai faɗi abun da kai baka gani. Bayan wata ɗaya ka rubuto min abun da aka ce maka da abun da littafin ya nuna.